Baba Sylvanus da Kwanon da Aka Ɗinka wa Riga

Duk wanda ya saba bin layin bayan tsohuwar masaƙa a Kakuri da sassafe ya san Baba Sylvanus mai gyaran rediyo. Ƙarfe shida da rabi zai iso da ƙafa, ya buɗe ƙofar shagon nan mai kuka, ya share gabansa har da na maƙwabcinsa. Sannan ya zauna. Ba ya taɓa sukudireba, ba ya jona ƙarfen narka dalma. Rediyoyin da ya gyara jiya zai bi ɗaya bayan ɗaya, ya kunna su ƙasa-ƙasa, ya lumshe ido. Wannan tana magana daga Jos, waccan daga wata ƙasa da ban san yarenta ba, wata kuma shuu kawai take yi, kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Idan ka leƙa a wannan lokaci sai ka ɗauka barci ne ya sace shi, alhali sauraro yake yi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zama. Ya yi gyara tun lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwar nan sau uku a rana, audugar da ta kuɓuce wa injuna tana yawo a iska tana sauka a gashin mutane. Sojoji sun hau, sun sauka, sun sake hawa, duk ya ji sanarwarsu daga bakin rediyoyin da ba nasa ba. Yau shekara takwas da komawarsu bariki. Masaƙa ta yi shiru, shi ma idanunsa sun fara yi masa gardama. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma ƙauyensu wajen Zonkwa. Babu wanda zai kafa masa rumfa, babu wanda zai rataya masa lambar yabo, shi ya sa na ce bari in yi ɗan abin da na iya.

Zan fara da laifinsa, don kada a ce na yi son kai. Baba Sylvanus yana da nawa. Ka kawo masa rediyo kana sauri, sai ya tura ta gefe ya tsare ka da tambaya. A ina take zama a gidan? Wa ke taɓa ta? Ƙarfe nawa take fara iskancin? Na taɓa ce masa, "Baba, rediyo fa na kawo, ba ƙara ba."

Ya ce, "Malam, ai ba a shagona ta lalace ba, a gidanka ta lalace. Bari mu je gidan da baki tukuna."

Ranar nan aka gano uwargida ce ke rataye ta a saman murhu don ta ji labarai tana tuƙa tuwo. Na koma gida na buga ƙusa a wani bangon.

Ni malamin makaranta ne. A Kakuri na tashi, har shekarar da garin nan ya rikice, kowa ya tattara ya koma gefen kogin da ya ga nasa sun fi yawa. Ni na koma Tudun Wada, shi yana nan. Amma ban samu wanda zan iya ba rediyota a can ba, don haka har yau nake ƙetaro gada a kan babur. Da amfilifayar masallacinmu ta daina, a buhu na ɗauro ta na kawo masa. Ya gyara, ya ce in gaya wa ladan ya riƙa barin tazarar yatsu huɗu tsakanin bakinsa da makirfo. Har yau ladanmu sai ya auna da yatsu kafin ya kira salla.

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami na bazarar bara ne, kuma a gabana aka yi shi.

Wata Talata, saura kwana goma sha biyu Ista, ina zaune a bencinsa sai ga wata budurwa ta shigo da jita a goye, da wani abu a leda. Sunanta Vicky, daga Gonin Gora, ita ke kaɗa wa kwaya, wato mawaƙan cocinsu, jita. Ta buɗe ledar ta fito da kwanon abinci na alminiyam, irin mai murfi da ma'aikata ke zuwa aiki da shi. An huda shi, an saka masa maɓalli biyu da ramukan jona waya.

Ta ce, "Baba, good morning. An ce in kawo maka. Mutum uku sun duba, duk sun ce lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "To me ya kawo mai lafiya asibiti, 'yata? Zauna ki ba ni labari."

Ga labarin kamar yadda ta bayar. Mahaifinta, marigayi Tony, mai gyaran wuta ne a masaƙa, kuma makaɗin jita a coci. Mahaifiyarta, Mama Martha, ta yi shekara ashirin da biyu a ɗakin saƙa cikin ƙarar injuna, har kunnuwanta suka daina ɗaukar siririn sauti. Kukan tsuntsu, muryar yara, jita, duk sun ɓace mata. Abin da ya rage shi ne sauti mai kauri, irin na tsawa da babbar mota da ganga. Sai Tony ya zauna ya haɗa wannan abu da kayan cikin tsofaffin rediyoyi, ya zuba shi a kwanon abincin matarsa. Masu kiɗa na ce wa irinsa oktef. A jona jita ta nan, a fitar da waya ta can zuwa amfilifaya, duk sautin da aka kaɗa sai kwanon ya haifa masa wani a ƙarƙashinsa, shi ne dai, amma da kauri, kamar uba na bin 'yarsa waƙa. Siririyar muryar ta jama'a ce, mai kaurin ta Martha. Shekara goma sha ɗaya tana zama jikin babban lasifikan coci tana jin kiɗan mijinta.

Tony ya rasu, Vicky ta gaji jitar da kwanon, kuma tun daga nan kwanon ya canza hali. Ƙarfe takwas idan kwaya ta zo gwaji sai ya yi ta zuba murya. Kafin goma, lokacin da ake kawo Mama Martha a keke, ya fara shaƙuwa, ya yi tsalle sama ya faɗo, ya yi kukan kwaɗo, sannan ya mutu. An canza batir, an canza waya, an yi masa addu'a. Sau ɗaya aka kawo ta da wuri, ranar kuma aka ɗauke wuta. A ƙarshe 'yan cocin suka yanke cewa kewar mai shi yake yi.

Vicky ta ce, "Monday bayan Ista yayana zai zo ya tafi da Mama ƙauye, ta ce ba za ta dawo ba. Doctor ma ya ce ɗan jin da ya rage mata tafiya yake yi. Baba, ba ta taɓa jin kiɗana ba. Ko sau ɗaya. Hannuna kawai take kallo."

Baba ya jona kwanon, ta kaɗa. Ban san lokacin da na ajiye jaridar hannuna ba. Murya biyu ke fita daga waya ɗaya, ta saman tana tafe, ta ƙasan tana biye da ita a hankali, har gilashin kwabar shagon na ɗan rawa. Abin ya ratsa ni, kuma ni ba ma'abocin jita ba ne.

Ta ce, "Ka gani ko? Haka yake yi a gaban kowa, sai ranar Sunday ya kunyata ni."

Baba bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya mayar mata da kwanon a leda, ya ce ta kai shi inda ya saba zama, kada ta canza komai. Sannan ya dube ni. "Malam, babur ɗinka yana da aiki ran Lahadi?"

Ranar Lahadin dabino, da ya fito daga sujadar safe a cocinsu, na goya shi muka ɗauki hanyar Abuja. Rana ta yi tsaye tun goma ba ta yi ba, kwalta tana fitar da wani ruwan ƙarya da ke ja da baya duk sanda muka matso, masu doya da lemo a bakin titi duk sun koma ƙarƙashin lema. Cocin ƙarami ne, rufin kwano, babu silin. Aka ba ni benci a gindin mangwaro daidai taga, da ruwan sanyi a kofi, shi kuma ya shiga.

Daga tagar na hango Mama Martha. Tsohuwa ce siririya, tana zaune jikin lasifika, ta ɗora tafin hannunta a kan katakonsa, idonta a kan yatsun 'yarta. Jama'a na rera waƙa suna kaɗa ganye, ita kuma tana zaune a tsakiyarsu kamar mai kallo ta bayan gilashi. Na nemi kwanon a ƙasa ban gan shi ba. Can na hango shi a saman amfilifaya, amma ba don wayoyin ba da ban gane shi ba. An ɗinka masa riga ta atamfa mai kauri, da soso a ciki, da leshi a baki, an rubuta sunan Tony da zare a gaba. Ashe Vicky cire rigar take yi ta bari a coci duk sanda za ta kai shi gyara, don kada baƙin mai ya ɓata ta.

Ana cikin waƙar baiko, lokacin da jama'a ke fita ba da sadaka, kwanon ya fara shaƙuwarsa. Baba ya bi layin masu baiko, da ya zo daidai amfilifaya sai ya zura hannu ƙarƙashin rigar. Na ga ya janye da sauri, ya shafa yatsunsa a wando, ya wuce abinsa.

Washegari a shago ya buɗe kwanon. Ya daɗe yana kallon cikinsa da gilashin ƙara girma, yana bin wayoyin da ido, sannan ya yi murmushi.

Ya ce, "Na san mutumin nan. Wani dogo ne, kullum cikin zufa. Shi ke zuwa yana kwashe mini matattun rediyoyi. Sai yau na san abin da yake yi da su."

Ya nuna mana wasu ƙananan abubuwa biyu na ƙarfe, kowane kamar ƙwayar wake da ƙafafu uku. Taransista ne, irin na da. Ya ce Vicky ta riƙe sauti ɗaya ta yi ta kaɗawa. Ya ɗauko ƙarfen dalma da zafinsa, ya matso da shi kusa da su, bai taɓa ba. Kamar wasa, muryar ƙasan ta fara shaƙuwa, ta yi kukan kwaɗon nan, ta ɗauke. Ya janye ƙarfen, ya tsoma auduga a sifirit ya ɗiga musu. Can sai ga muryar tana dawowa daga nesa, kaɗan-kaɗan, har ta cika shagon. Sau uku ya yi haka, sau uku tana mutuwa tana tashi.

Ya ce, "Zazzaɓi ne. Irin waɗannan ba sa son zafi. Ga rufin kwano a sama, ga amfilifaya tana gasa shi ta ƙasa, ga bargo an lulluɓa masa." Ya sake duban cikin kwanon. "Amma wanda ya yi aikin nan ba zai rasa sanin haka ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin rufin nan. 'Yata, a ina babanki yake ajiye shi?"

"A ƙasa."

"A ƙasa haka kawai?"

Na ga idonta ya tafi wani wuri da ba ma nan. Da ta dawo, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce akwai wani tsohon kasko da yake kifewa, ya ɗora kwanon a kai. Kafin sujada sai ya yayyafa wa kaskon ruwa, idan fasto ya hau wa'azi ya ƙara. Yara har tsokanarsa suke yi, wai Daddy na ba kwanonsa ruwa. Bai taɓa faɗin dalili ba, babu kuma wanda ya tambaya, an ɗauka halinsa ne kawai. Bayan jana'iza matan zumunta na cocin suka ce bai dace aikin hannun marigayi ya zauna a ƙasa kan kasko kamar ruwan kaji ba. Suka jefar da kaskon, suka ɗinka rigar, suka ɗaga shi sama don girmamawa.

Ni da azarɓaɓina na ce, "To Baba, ka cire tsofaffin ka sa sababbi mana, a huta."

Ya jawo durowa ya nuna mini su, cike da gwangwani. Ya ce waɗannan ba sa tsoron rana, amma idan ya sa su sai ya canza rabin cikin kwanon, kuma muryar da za ta fito za ta fi tauri. "Kunnen da ya saba da murya ɗaya shekara goma sha ɗaya, ba zan kai masa baƙo ranar sallama ba." Ya gyara dalmar waya ɗaya da ta saki, ya goge ƙura, ya rufe. Suka shiga kasuwar Kakuri shi da Vicky, ya yi ta ƙwanƙwasa kasake da ɗan yatsa yana kara kunne, mai tukwane tana kallonsa da mamaki, har ya zaɓi wanda ba a goge bayansa ba, mai shan ruwa ya riƙe sanyi.

Kai ne, Baba, mai kunnen da ba ya gaggawa. Kai ne ka san cewa abin da mutum ya ƙera da hannunsa yana ɗauke da halinsa, kuma kafin a gyara shi sai an tambayi yadda aka rayu da shi. Mutum uku sun buɗe kwanon nan kafin kai, duk sun iya aiki, mitarsu ba ta yi musu ƙarya ba. Kai kaɗai ka je ka ga inda yake wuni.

Saura gyaran da ya fi wuya, wato Mama Eunice, shugabar matan zumunta, wadda ita ta yanka atamfar da hannunta. Ranar Asabar muka koma, muka same ta da matanta suna share coci. Baba ya gaishe ta, ya ɗauki rigar yana juyawa.

Ya ce, "Mama Zumunta, wa ya yi wannan ɗinki?"

Ta ce, "Mu ne. Kowace ta sa hannu."

"An yi ɗinki. Amma kin tuna Tony da zufa? Kin taɓa ganinsa da kwat a cocin nan?"

Wata daga baya ta yi dariya. "Ko ranar aurensa sai da ya cire."

"To abin hannunsa ya gado shi." Sai ya yi mata bayani a hankali, ya nuna mata sabon kaskon.

Fuskar Mama Eunice ta canza. Ta ajiye tsintsiya. "Wato Baba, shekara biyu mu ne muka hana Martha ji?"

Ya ce, "Babu wanda ya hana kowa. Kun lulluɓe shi da kyau, shi kuma ya yi barci. Rigar nan tasa ce, idan an tashi sujada a sa masa ya huta. Amma lokacin aiki yana buƙatar mai ba shi ruwa, kuma Vicky hannunta biyu na kan jita."

Ta daɗe tana kallon kaskon, tana goge ido da bakin zani. Sannan ta juya ta kalli matanta ta ce, "Ni zan riƙa zubawa. Kada in ga wata ta taɓa."

Ranar Ista cocin ya cika har waje, zafi kuwa ba a magana. Ina bencina a gindin mangwaro, Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Kaskon na kife a ƙasa, ya yi duhu da ruwa, kwanon a kansa tsirara, Mama Eunice na zaune gefe da buta kamar mai gadi. Bayan wa'azi, a daidai lokacin da rufin ke ƙara don zafi, Vicky ta miƙe ita kaɗai za ta kaɗa wata waƙa da mahaifinta ya tsara.

Ta kaɗa. Muryar ƙasan ta fito cikakkiya, ta bi ƙasan cocin ta fito ta taga, na ji ta a katakon bencin da nake kai. Mafitai suka tsaya a hannun mata. Wani tsoho a kusa da ni ya waiga yana neman wanda ya shigo. Mama Martha kuwa tafinta na kan lasifika kamar kullum, sai na ga ta janye shi a hankali ta ajiye a cinya, ta ɗauke idonta daga yatsun 'yarta, ta lumshe.

Baba ya saurara har ƙarshen baitin farko. Ya gyaɗa kai, ya zagayo ya dafa kafaɗata. "Malam, ni na wuce, bas zan hau."

Na ce, "Ba ka jira a gode maka?"

Ya ce, "Ai yana aiki." Ya bi bakin titi da 'yar tafiyarsa, bai waigo ba.

Haka kake, Baba Sylvanus, kuma haka ka yi wa unguwar nan shekara talatin da ɗaya. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin naka. Ku kuma masu tasowa a sana'a, ko waya kuke gyarawa, ko mota, ko yara kuke koyarwa irina, ku rage saurin cire tsoho ku sa sabo. Ku tambaya, ku taka ku je ku gani, kuma idan kun gano kuskuren na masu ƙauna ne, ku faɗe shi yadda ba za su ji kunyar ƙaunarsu ba.

Saura abu ɗaya, Baba. Ka tafi ba ka ji abin da Mama Martha ta ce ba, kuma duk sanda na ɗauko zancen sai ka ƙara wa rediyo murya. To yau sai ka ji.

Da aka tashi, jama'a suka watse, na tsaya a bakin ƙofa. Vicky ta je ta durƙusa gaban mahaifiyarta, ta ɗaga murya yadda ta saba yi mata magana. "Mama, kin ji?"

Mama Martha ta buɗe ido ta dube ta. Ta ce, "A baiti na uku kina sauri. Babanki yakan jira kaɗan a wurin kafin ya sauka."

Shekara biyu Vicky tana kaɗa baitin nan haka a gaban coci guda, babu wanda ya taɓa lura. Ta kifa kanta a cinyar uwarta ta yi kuka mai isarta. Mama Martha ta bari sai da ta gama, sannan ta ɗaga ta, ta nuna jitar da haɓa.

Ta ce, "Sake mini daga farko."